Kaka a Italiya: me za mu ɗora a tukunya?

Maman Hanifa (Brescia):
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wannan ne karo na farko da lokacin kaka ya riske ni a Italiya, kuma ina neman shawararku a kan maganar cefane. Tun da watan Oktoba ya kama, kasuwar da ke ci a unguwarmu ranar Asabar ta sauya gaba ɗaya. Tumatir da kankana da suka cika tebura a watan Agusta sun ja baya, yanzu babu abin da ake gani sai kabewa iri-iri, da wani kabeji mai dogon ganye baƙi-baƙi, da naman kaza, wato laimar kwaɗi, a cikin kwanduna, da wani ɗan itace mai launin ƙasa da suke kira castagne, wanda ake gasawa a bakin titi ana zubawa a takarda. Ni kuwa wucewa nake yi in tafi shagon kayan Afirka in sayo doya da busasshiyar kuɓewa da manja, a kan farashin da ba na son in faɗa a nan. Maigida ya fara ƙorafi a kan kuɗin cefane, yara kuma suna dawowa daga makaranta da sunayen abincin da aka ba su a can, suna so in dafa musu irinsa. Shin akwai abin da Bahaushiya Musulma za ta iya ɗorawa a tukunya daga cikin kayan kakar nan ba tare da ta auka wa haram ba, kuma ba tare da gidanta ya manta da tuwo ba?

Hajiya Babba (Turin):
Wa alaikumus salam, ɗiyata, barka da zuwa, Allah ya sa kin zo a sa'a. Abu na farko da za ki riƙe shi ne, a ƙasar nan farashin kayan miya yana bin lokaci ne. Duk abin da kika ga ya cika tebur har masu sayarwa suna ɗaga murya a kansa, to lokacinsa ne, shi ne mafi araha kuma shi ne mafi daɗi, bayan 'yan makonni kuma zai wuce sai baɗi. Mu nan Turin muna da kasuwar Porta Palazzo, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin fili na Turai, kuma a gefe guda akwai rumfar da manoman kewayen gari ke kawo abin da suka noma da hannunsu. Idan kasuwa ta kusa tashi sukan karya farashi, domin babu wanda yake son ya koma gida da ganye.

Ki fara da kabewa. Ki nemi wadda suke kira delica, ƙarama ce mai koren baya, cikinta ruwan ɗorawa mai duhu, ba ta da ruwa da yawa kuma tana da zaƙi. Ki duba hannun da aka yanke ta daga yaɗo: idan ya bushe ƙamas, kuma kika ƙwanƙwasa ta da yatsa kika ji amo, to ta nuna. Da ita nake miyar taushe, in haɗa da alayyahun da suke sayarwa da saiwarsa, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da ƙashin rago daga mahautan Maroko da ke bakin kasuwar. Ɗanyar yakuwa ce kawai ba na samu, sai in matsa lemon tsami bayan na sauke tukunya. Tuwon kuwa, garin masarar da mutanen arewacin ƙasar nan ke yin irin nasu tuwon mai suna polenta da shi yana nan a kowane kanti. Akwai mai tsakin-tsaki da suke rubuta bramata a jikinsa, akwai mai laushi da suke rubuta fioretto, kuma mutanen yankin Veneto suna da na farar masara. Ki sayi fari mai laushi, ki yi talge, ki tuƙa da muciyarki yadda kika saba, babu mai ce miki ba tuwon masara ba ne.

Alhaji Mai Shago (Rum):
Hajiya, ina gaisuwa, kuma ba zan ɓoye cewa ni mai sayar da kayan gida ne ba, don haka duk wanda ya ce kasuwata nake karewa, ba zan yi masa musu ba. Amma ina roƙo a saurare ni. Na ga gidaje da yawa a nan Rum da suka fara da cewa za su rage kuɗin cefane, sai aka wayi gari yaro ya kai shekara goma bai san ƙamshin daddawa ba, idan aka kai shi hutu Kano ko Maraɗi aka ajiye masa miyar kuka sai ya ture kwano a gaban kakarsa. Harshe yana tafiya, sutura tana tafiya, abin da yake saura a gida shi ne tukunya, ita ma idan aka sallama ta ban san me ya rage ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli babu abin da ke maye gurbinsu a kasuwar Turawa, kuma ba su da tsadar da ake zuzutawa, domin kaɗan ake sawa. Sannan girkin kakar mutanen nan, wanda ake ta yabo, rabinsa a kan alade da giya aka gina shi. Kaka ce lokacin da suke matse inabi, ƙarshenta kuma shi ne lokacin da mutanen ƙauye ke yanka alade. Ƙanwata Maman Hanifa sabuwar zuwa ce, ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kaya ba tukuna, saboda haka ni a ganina hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Malam Badamagare (Perugia):
Alhaji, maganarka a kan daddawa da kuka gaskiya ce, ni ma ba na rabo da su. Inda na saɓa maka shi ne ɗaukar cin abin da lokaci ya kawo a matsayin al'adar Turawa da za mu ara. Mu ma haka muka tashi. A Damagaram, idan kaka ta yi, sabon gero ake dakawa, a dafa ɗanyar gyaɗa, a gasa masara, a sauke kabewa daga kan danga, babu wanda yake neman mangwaro a watan Nuwamba. Sai da muka zo nan muka koma sayen doyar da ta yi makonni a jirgin ruwa, muna wuce abin da aka cire daga gona jiya.

Abin da ya kamata a sani kuma shi ne, yawancin girkin kakar Italiya girkin talakawa ne, kuma talakan da ba ya samun nama sai jefi-jefi. Masara ba ta zo Turai ba sai bayan 1492, amma da ta kafu a Veneto da Lombardiya sai ta zama abincin safe da rana da dare na manoma, har cutar pellagra, wadda rashin wani sinadari a jiki ke haddasawa ga mai cin masara zalla, ta addabe su a ƙarni na 18 da na 19: fata ta dinga saɓulewa, ciki ya lalace, wasu har su taɓu. Wannan ya sa duk wanda ya san tarihin polenta ba ya cin ta gaya, sai da wake ko cuku ko naman kaza ko miyar nama. A kan duwatsun Apennini kuwa, inda alkama ba ta yi, castagne ɗin da Maman Hanifa ta gani su ne hatsin mutane. Sukan shanya su a wani ɗan ɗakin dutse mai hawa biyu, a hura wuta marar ƙarfi a ƙasa ta yi ta hayaƙi wajen kwana 40, sannan a ɓare a niƙa. Garin yana da zaƙinsa na kansa, kuma da shi mutanen Toskana ke yin castagnaccio: gari, ruwa, man zaitun, busasshen inabi, ƙwayar itacen pino da suke kira pinoli, da ganyen ƙamshi na rosmarino, a zuba a faranti a gasa. Babu sukari, babu ƙwai, babu yis, balle alade. Haka ribollita, miyar da ake yi da baƙin kabejin nan da farin wake da burodin da ya kwana, a bar ta ta sake kwana a ɗumama washegari.

Sai man zaitun, wanda shi ne babban abin da kaka ke kawowa a nan Umbriya. Daga ƙarshen Oktoba za ka ga an shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa, ana tsefe rassa da wani dogon mataji mai aiki da batir. Ana kai zaitun gidan matsa cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara lalacewa, kuma ba a rubuta cewa matsar sanyi ce sai idan zafin bai kai digiri 27 ba. Kilo 100 na zaitun yakan ba da tsakanin kilo 10 zuwa 20 na mai, shi ya sa na gaske ba ya araha. Sabon mai kore ne, bai gama kwanciya ba, yana da ɗaci kaɗan kuma yana yaƙushin maƙogwaro, wanda bai sani ba sai ya zaci ya lalace. A gasa burodi, a goga masa tafarnuwa, a zuba man, a barbaɗa gishiri, abincin ke nan gaba ɗaya. Itacen da Allah ya rantse da shi a Suratut Tin ne, ban ga dalilin da za mu bar wa wasu shi ba.

Anti Nas (Parma):
Kafin zancen ya yi nisa, ina so in sa baki a kan abubuwa biyu da ke kawo mutane asibiti duk kaka, kuma baƙi sun fi shiga ciki domin suna ganin abu a ƙasa kyauta. Na farko naman kaza. A lardinmu akwai garin Borgotaro, wanda ya yi suna da irin da suke kira porcini, kuma da zarar an yi ruwa aka biyo da rana sai ka ga mutane sun cika daji da kwanduna. Amma su suna da takardar izini da ake saya, kuma dokar ƙasa ta 1993 ta ƙayyade kilo 3 ga mutum ɗaya a rana, a cikin kwando mai ƙofofi, ba a leda ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne akwai wani iri mai suna Amanita phalloides, mai hula kore-kore ko fari-fari, da zobe a wuya, da 'yar jaka a gindinsa cikin ƙasa. Dahuwa ba ta kashe gubarsa, ba shi da ɗaci, kuma mutum ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24, ya yi amai da gudawa, ya ji kamar ya warke, alhali hantarsa ce ke mutuwa. Maganar cewa tafarnuwa ko cokalin azurfa za su yi baƙi idan akwai guba, ko cewa wanda dodon koɗi ya ci lafiyayye ne, duk ƙarya ce. Hukumar lafiya ta kowane yanki tana da ofishin da ke duba naman kaza kyauta ga wanda ya tsinto don cin gidansa. Ke dai ƙanwata, ki saya a kasuwa, kuma ko maƙwabci ne ya kawo miki kyauta, ki tambaye shi ko an duba.

Na biyu, itatuwan da ke jere a titunan gari da wuraren shaƙatawa suna zubar da wani ɗa mai kama da castagne, amma ba shi ba ne, kuma yana sa ciwon ciki da amai. Na ci yana fitowa ne daga kwanso mai ƙayoyi sirara a cunkushe, biyu ko uku a ciki, gefe ɗaya a shafe, da ɗan tsini mai gashi a kai. Na titi kwansonsa kore ne mai gajerun ƙayoyi jefi-jefi, ɗan kuma mulmulalle ne mai sheƙi. A ja kunnen yara. Na cin ma, idan za ki gasa, sai kin tsaga bayan kowanne da wuƙa, in ba haka ba zai fashe a kasko. Ɗanɗanonsa yana tsakanin dankalin Hausa da dafaffiyar gurjiya.

Maman Hanifa (Brescia):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, musamman Anti, domin kuwa Hanifa ta cika aljihunta da na titin nan a hanyar makaranta. Hajiya, abin da yaran suka fi damuna da shi shi ne shinkafar kabewa da suke kira risotto. Na ji an ce sai da giya ake yin ta, kuma ana zuba cuku. Yaya kike yi?

Hajiya Babba (Turin):
Giyar da suke sawa rabin kofi ne a farko don ɗan tsami, kuma ko a cikinsu akwai masu barin ta idan yara za su ci. Ki bar ta, babu abin da zai ragu. Abin da zai ba ki wahala shi ne hannunki, domin duk abin da aka koya miki game da shinkafa sai kin ajiye shi. Ba a wanke ta, ba a son ta yi warwar, kuma ba a rufe tukunya a tafi. Ki sayi Carnaroli ko Arborio, waɗanda ake nomawa a fadamun Vercelli da Novara da Pavia, kuma a watannin Satumba da Oktoba ake girbe su. Ki tanadi romon kaza ko na ganye yana tafasa a gefe. Ki soya yankakkiyar albasa a man zaitun a wuta kaɗan har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba, ki zuba kabewa ƙanana-ƙanana, sannan ki zuba shinkafar a bushe ki juya minti biyu, har idan kika ɗauki ƙwaya a tafin hannu ki ji ta yi zafi. Daga nan sai romo, ludayi ɗaya, ki juya har ya shanye, ki ƙara wani, haka har minti 16 zuwa 18. Za ki ga kabewar ta narke ta rina shinkafar, ruwan ya yi kauri daga garin jikin ƙwayar. Ki kashe wuta tun tsakiyar ƙwayar tana da ɗan ƙarfi, ki jefa man shanu mai sanyi da cuku, ki buga da muciya sosai, ki rufe minti biyu. Idan kika karkata faranti ya kamata ta gangara a hankali, idan ta tsaya cak to ta bushe. Ni ina ɗan barbaɗa yaji a nawa, abin da maƙwabciyata ba ta yafe mini ba har yau.

Wani abin kuma, akwai shinkafa mai gajeren jiki da suke rubuta originario, ita ce mafi araha a kanti, kuma ban ga wadda ta fi ta kyau a tuwon shinkafa da waina ba.

Alhaji Mai Shago (Rum):
To, Hajiya ta kawo mu inda nake jira, wato cuku. Parmigiano Reggiano, wanda ake gogawa a kan kusan komai, ƙa'idarsa ita ce a daskarar da madarar da wani ruwa da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, kuma maraƙin ba yankan Musulmi ba ne. Ban da wannan, Maman Hanifa ta rubuta waɗannan kalmomi ta sa a jaka: strutto da lardo kitsen alade ne, pancetta da guanciale da cotenna duk sassan jikinsa ne, maiale ko suino shi ne kansa. Strutto ne ya fi ɓoyewa, domin yana shiga burodi da gurasarsu ta piadina da kayan gashi da yawa, musamman a yankin Emilia-Romagna. Miyar taliya da wake da Malam zai ce ta talakawa ce, a gidan abinci sau da yawa da fatar alade ake dafa ta, ko da ba ka ga nama a kwano ba. A makaranta kuma akwai takardar da ake cikewa a nemi abinci marar alade ko marar nama saboda addini, kada ki ɗauka sun sani don sun ga ɗankwali.

Malam Badamagare (Perugia):
Wannan jerin na Alhaji ya cancanci a liƙa shi a saman zaure. Game da cuku, mas'ala ce da malamai suka yi saɓani tun da daɗewa: Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkin abin da aka ciro daga tumbin, mashhurin mazhabar Malik da ta Shafi'i kuma suna ganin akasin haka idan dabbar ba yankakkiya ba ce. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda yake son fita daga saɓani, akwai cukun da aka rubuta caglio vegetale ko caglio microbico a jikinsa, kuma ana samunsa a manyan kantuna. Amma Alhaji, ka lura duk haɗarin da ka lissafa yana cikin abin da wani ya sarrafa ne ko ya dafa. Kabewa da wake da kabeji da shinkafa da rumman da ke kan tebur a kasuwa ba su da takardar da za a karanta.

Ɗan Agadas (Calabria):
Gaisuwa ga manya. Ni ba mai yawan rubutu ba ne a nan, amma na ga ana maganar araha, sai na ce bari in faɗi inda take fitowa. Mu 'yan ci-rani ne a cikin ƙasar nan. A watan Agusta muna gonakin tumatir a Foggia, a Satumba wasu su hau arewa tsinkar inabi ko tuffa a Saluzzo da Trentino, a Oktoba wasu su sauka Sisili tsinkar zaitun a Campobello di Mazara, daga Nuwamba kuma sai nan filin Gioia Tauro, wajen Rosarno, inda ake fara lemo har zuwa ƙarshen sanyi. Akwai 'yan Mali da Senegal da Gambiya da Burkina da Gana, mu ma 'yan Nijar muna ciki. A gonaki da yawa ba a biyan rana, a kan akwati ake biya, kuma akwai ɗan kamashon da ke tsakaninka da mai gona, shi ke ɗaukar mutane a mota da asuba, ya cire kuɗin motar daga ladanka. Itacen lemo da safe jiƙe yake da raɓa, kafin ka cika akwati biyar rigarka ta jiƙe har ciki, yatsu su ƙage a kan almakashi. Ranar da aka yi ruwa babu aiki, babu kuɗi. Da yawa suna kwana a tantuna da kwantena a San Ferdinando. Ba na cewa kada a saya, domin idan ba a saya ba mu ma ba mu da aiki. Amma idan kun ga ragar lemo a kanti a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, ku san an rage daga wani wuri.

Malam Badamagare (Perugia):
Allah ya dafa muku, ƙanena, ya ba ku lafiya. A Rosarno ɗin nan ne ma'aikata 'yan Afirka suka yi bore a watan Janairun 2010 bayan an harbi wasu daga cikinsu, kuma a 2016 aka yi doka mai lamba 199 wadda ta tanadi hukunci a kan ɗan kamasho da mai gonar da ya ci moriyarsa. Doka tana nan, aiki da ita ne yake tafiyar hawainiya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne garin Alba a Piemonte, inda tun 1929 ake bikin wani farin naman kaza da ke tsirowa a ƙarƙashin ƙasa, wanda karnuka ke shinshinowa da dare, ana sayar da kilonsa dubban Yuro, a goga 'yan giram a kan taliya a gidan abinci. Tuddan da ke kewaye da garin su ne gonakin inabin da baƙi ke tsinka makonni kaɗan kafin bikin. A birane da yawa akwai ƙungiyoyin maƙwabta da ke haɗa kuɗi su sayo akwatunan lemo da mai kai tsaye daga manoman da ke ɗaukar ma'aikata da kwantiragi. Mu da muka iya adashi, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Anti Nas (Parma):
Tun da an taɓo sanyi, Maman Hanifa, ga abin da ke tafe. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga ranar lokacinmu zai zama daidai da na Kano da Yamai har ƙarshen Maris, kiran waya gida zai yi sauƙi. Amma rana za ta gajarce sosai: a ƙarshen Nuwamba za ki yi sallar magariba kafin ƙarfe 5, la'asar kuma tana bin azahar kusa da kusa, sai ki tsara girkinki da ɗauko yara a kan haka. Mai ramuwar azumi ma yanzu ne lokacinta. Brescia tana cikin yankin da doka ta yarda a kunna ɗumama gida daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, awa 14 a rana, yayin da su Alhaji a Rum sai a watan Nuwamba. Sanyin kwarin kogin Po mai danshi ne, da hazo na ruwa, saboda haka idan kina dafa wake ko tuwo tagogi a rufe, kina kuma shanya kaya a ɗaki, bango zai yi fumfuna yara su kama tari. Ki buɗe tagogi minti goma kowace safiya ko da ana sanyi. Kuma don Allah kada a shigo da gawayi ɗaki don jin ɗumi, ko a bar kaskon turare yana ci a ɗakin barci a rufe. Gidajen nan ba sa shan iska, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, kuma duk shekara ana kawo mana iyalai saboda shi.

Hajiya Babba (Turin):
Ƙari a kan na Anti, ranar 1 ga Nuwamba hutu ne, kantuna da yawa a rufe, washegari kuma ranar ziyarar maƙabarta ce a wurinsu. Furen crisantemo da za ki ga ya cika kasuwa a makon na kaburbura ne, kada ki ga kyansa ki kai wa maƙwabciya. A ƙarshen mako kuma ƙauyuka suna yin bikin abin da suka girbe, wani na castagne, wani na kabewa, wani na tuffa. Ku kai yara su gani, ku ci gasasshe, ku bar abin da ba ku san yadda aka dafa ba.

Alhaji Mai Shago (Rum):
Na karɓi maganar kabewa da shinkafar waina, har ma zan gaya wa uwargida. Amma ina nan a kan bakana cewa daren Juma'a da ranar Lahadi na tuwo da miyar kuka ne, kuma yaro ya ci da hannu. Sauran kwanakin Hajiya ta ɗauka. Malam, idan da gaske ne maganar adashin lemo, shagona yana da wurin ajiye akwatuna, 'yan Rum su zo su ɗauka a nan.

Ɗan Agadas (Calabria):
Idan za ku yi, ku fara da clementine, ƙaramin lemon nan marar ƙwallo, domin shi ke fara nuna, babban lemo sai Disamba ya yi zaƙi. Ku nemi wanda aka yanko da ganyensa: idan ganyen kore ne yana tsaye, bai daɗe da barin itace ba, idan ya naɗe ya bushe, ya kwana biyu a sito. Kada ɗan koren da ke jikin ɓawon ya hana ku saye, sanyin dare ne bai gama rina shi ba, cikin ya riga ya nuna. Akwai wani ɗan garinmu da ke aiki da irin manoman da Malam ya ambata, zan tambaye shi kilo nawa akwatinsu yake ɗauka da kuɗin kaiwa Rum da Turin, in kawo muku amsa ranar Lahadi idan Allah ya kai mu.